ABIN DA KE CIKIN ƘASAR GONARKA: Yadda A Ke Gano Ƙwayoyin Da Ke Ɓata Auduga

Malam manomi, ga takarda dominka. Mun rubuta ta ne musamman saboda 'yan'uwanmu na Zongon Kumasi, mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, waɗanda ke zaune a birni amma gonakinsu na auduga suna Arewa, wajen Tamale ko Wa ko Tumu. Wani ya kan tafi da kansa in ruwa ya sauka, wani kuwa kuɗi ya ke aikawa, ƙane ko ɗa ya noma masa. Kumasi ƙasar kurmi ce, laimarta ta yi wa auduga yawa, shi ya sa tun da Gwamnatin Gana ta kafa Hukumar Raya Auduga a 1968 aikin ya fi ƙarfi a Arewa. Amma kuwa gidajen binciken da ke duba ƙasa da cututtukan shuka suna nan bakin ƙofarmu. Akwai Cibiyar Binciken Ƙasa a Kwadaso, akwai Cibiyar Binciken Amfanin Gona a Fumesua, ga kuma Jami'ar Kwame Nkrumah. A Arewa kuma akwai cibiyar Nyankpala, kusa da Tamale.

Abin da ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan bayani shi ne, sau da yawa auduga ta kan lalace, ganye ya yi ɗige-ɗige, reshe ya yi baƙi, ƙwallo ya ruɓe tun bai buɗe ba. Sai mai gona ya ce, "Ai ƙasar nan ta mutu." Ya bar gonar ubansa, ya je ya sare sabon daji, ya kuwa ɗauki irin bara ya shuka can. Wani kuma ya sauka Kejetia, ya sayi kwalabe na magani ba tare da ya san sunan ciwon da zai kashe ba. Dukansu biyu sun yi hasara, na fari ya kai ciwon sabuwar gona da hannunsa, na biyu ya zuba kuɗinsa a ƙasa.

MENE NE BAKTERIYA?

Ka ɗebi ƙasar gonarka cikin cokalin shayi. A ganinka turɓaya ce da yashi. To, a cikin giram guda na ƙasa mai kyau akwai waɗansu ƙananan halittu masu rai, miliyoyi ɗari-ɗari, wani lokaci har su haura miliyan dubu. Su a ke kira bakteriya. Don ƙanƙantarsu, in ka jera dubu, wannan bayan wannan, da ƙyar su kai tsawon ƙwayar gero ɗaya. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu a 1676, da wani madubi da ya wasa da kansa. Ba su haihuwa kamar dabba. Ɗaya ta kan rabu ta zama biyu, biyu su zama huɗu, haka haka, in akwai abinci da laima kafin kwana biyu ɗaya ta zama miliyoyi.

Kada ka ji an ce bakteriya ka zaci duk ƙwayoyin cuta ne. Mafi yawansu barorinka ne, suna yi maka aiki dare da rana ba lada. Su ne ke narkar da takin da ka zuba, da kara, da ganye, har su zama abincin shuka. Ƙanshin nan da ƙasa ke yi ran da ruwan fari ya sauka, wanda ke sa zuciyar manomi ta yi sanyi, wani jinsinsu ne ke fitar da shi, ana ce masa Streptomyces. Daga wannan jinsi ne ma Waksman da almajirinsa Schatz suka samo maganin tarin fuka a Amurka a 1943. Masu cuta kaɗan ne a cikin taron. Wahalar aikin ita ce a ware mai laifi guda daga cikin miliyoyin masu gaskiya, kamar a ce ka fitar da mutum ɗaya daga cikin kasuwar Kejetia ranar jajiberin salla, ba ka san fuskarsa ba.

YADDA ZA KA ƊEBI ƘASAR

Nan ne aikinka ya ke, kuma in ka ɓata shi, duk ilmin malaman Kwadaso ba zai gyara ba.

Ka wanke fartanya da bokiti, su bushe. Ka bi gonar a karkace, gefe zuwa gefe, kamar tafiyar maciji, ka tsaya wuri 15 ko 20. Ko'ina ka tsaya, ka share ciyawar sama, ka haƙa zurfin taƙi guda, watau kamar santimita 20, ka yanko ƙasa daga sama har ƙasan ramin, ka zuba a bokiti. In ka gama sai ka cuɗa ta sosai, ka ɗebi kamar rabin kilo ka sa a sabuwar leda. Kada ka ɗiba daga suri, ko mashekarin shanu, ko gindin itace, ko bakin hanya, ko inda aka ƙona tari aka bar toka. Waɗannan wurare ba su ba da labarin gaskiya a kan gonar.

In wani ɓangaren gonar ya kamu, wani lafiya lau, to, leda biyu za ka yi, kowace da nata, kada ka haɗa. A wurin da ya kamu ka ɗebi har da ƙasar da ke manne a saiwa.

Abu uku ke kashe wannan aiki. Na ɗaya, tsohon buhun takin zamani ko na maganin feshi. Na biyu, shanya ƙasar a rana. Wanda zai auna gishirin ƙasa kaɗai ba ya damuwa da busasshiya, amma mai neman abu mai rai, in ka gasa masa shi a rana me zai duba? Na uku, jinkiri. Daga Tamale zuwa Kumasi kusan kilomita 380 ne, tafiyar yini guda. Ka ɗiba yau, ta hau mota gobe, a ajiye ta inda ke da inuwa, ba bisa kan mota ba, ba kusa da inji ba. Ka rubuta a takarda sunan ƙauye, da ranar ɗiba, da abin da aka shuka a gonar bara da bara waccan, da inda aka samo iri. Wannan na ƙarshe kada ka manta da shi, za ka ga dalili nan gaba.

Kuma kada ka aika da ƙasa ita kaɗai. Ka tuge auduga biyu ko uku waɗanda ciwon ya fara kamawa, ba waɗanda suka riga suka mutu ba, ka naɗe su a takarda. Leda ta kan sa ganye ya yi gumi ya ruɓe a hanya. Malamin gona na yankinku shi zai gaya maka inda ya fi dacewa a kai, da abin da za a biya.

ABIN DA A KE YI DA ITA A ƊAKIN BINCIKE

Da fari a kan dafa dukan kayan aiki, kwalabe da ruwa da abincin ƙwayoyin, cikin wata tukunyar ƙarfe mai riƙe tururi, zafinta digiri 121, har minti 15. Wannan don kada wani baƙo ya shiga ya rikitar da lissafi.

Sa'an nan mai bincike ya auna giram 10 na ƙasarka, ya zuba cikin ruwa mililita 90, ya girgiza. Ruwan nan ya yi kauri da ƙwayoyi ƙwarai, ba ya ƙirguwa. Sai ya ɗebi mililita 1 ya zuba cikin wata kwalba mai mililita 9 na ruwa mai tsabta. Daga wannan ya ɗebi 1 ya zuba a ta gaba, haka har kwalba biyar. Kowace kwalba ta fi ta bayanta tsinkewa sau goma, kamar mai kunu da baƙi suka yi mata yawa, tana ta ƙara ruwa. A kwalba ta ƙarshe ƙasar ta tsinke sau miliyan guda.

Yanzu sai abinci. Akwai wani gari da a ke samu daga ciyawar teku, ana ce masa aga. In an dafa shi da ruwa da ɗan romon nama ko sukari, ya huce, sai ya daskare kamar agidi. Wata mata, Fanny Hesse, wadda mijinta ke aiki tare da babban likitan nan na Jamus Robert Koch, ita ta ba da shawarar a yi amfani da shi, don ta san shi a ɗakin girki. Ƙaramin farantin gilashi mai murfi da a ke zuba shi kuwa, wani mataimakin Koch mai suna Petri ya fito da shi a 1887, har yau da sunansa a ke kiransa. A kan haɗa ɗan ruwan kwalbar da wannan abinci a faranti, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar digiri 28, kwana biyu ko uku.

In aka buɗe sai a ga ɗige-ɗige bisa farantin, wani fari, wani rawaya, wani mai yauƙi, wani busasshe kamar an barbaɗa alli. Kowane ɗigo zuriyar ƙwaya guda ce da ta zauna wurin ta yi ta rabuwa, har taron ya isa ido ya gani. A kan zaɓi farantin da ɗigonsa ke tsakanin 30 da 300 a ƙirga. A misali, in mililita 1 na kwalbar ƙarshe ya ba da ɗigo 40, ka ga ke nan akwai miliyan 40 a giram guda. Wannan ma waɗanda suka yarda su ci abincin faranti ke nan. Masana sun tabbatar cewa cikin ɗari da ƙyar ɗaya ke tsirowa a faranti, sauran sai a gida cikin ƙasa.

Daga nan sai warewa. Mai bincike ya ƙona wata siririyar waya a wuta har ta yi ja, ta huce, ya taɓa ɗigo guda, ya ja layi-layi bisa sabon faranti. Ya maimaita sau biyu ko uku har ya tabbata abin da ke farantin jinsi ɗaya ne, ba gauraye.

To, an ware, saura a san ko wane ne. A nan aikin ya yi kama da na marina. A kan shafa ƙwayoyin bisa gilashi, a rina su da wani shuɗi mai duhu, a zuba aidin, a wanke da sifirit, sa'an nan a bi da jan rini. Waɗansu su kan riƙe shuɗin, waɗansu ya wanke su ɗauki ja. Wani likitan Danmak, Gram, ya gano wannan dabara a 1884, da ita kuwa a ke raba bakteriya gida biyu. A duba kuma siffarsu a madubi, ko sanda-sanda ne ko dunƙule-dunƙule. A gwada su da sukari iri-iri a ga wanda su ke ci da wanda su ke ƙi. A zamanin yanzu kuma ana karanta rubutun gado da ke cikin jikin ƙwayar, wanda a ke kira DNA, a gwada shi da na waɗanda aka riga aka sani. Wannan ya fi sauri, ya fi tabbaci, sai dai ya fi tsada.

Duk da haka shari'a ba ta ƙare ba. An kama mutum a gonar da aka yi sata, wannan bai isa alƙali ya yanke masa hukunci ba. Koch ya kafa ƙa'ida: sai an sami ƙwayar a jikin marar lafiya, an ware ta ita kaɗai, an sa wa mai lafiya ya kamu da ciwon nan sak, sa'an nan an sake ware ta daga jikinsa. Saboda haka a kan shuka auduga a tukwane, a shafa wa ganyenta ƙwayar da a ke tuhuma, a jira mako ɗaya ko biyu. Shi ya sa in an ce maka ka dawo bayan makonni kada ka ce ana yi maka wasa.

CIWON BAƘIN RESHE

Babban mai laifi daga cikin bakteriya a gonar auduga sunansa Xanthomonas. A faranti ɗigonsa rawaya ne, mai santsi da yauƙi, a rinin Gram kuwa ja ya ke ɗauka. An fara bayyana ciwon a Amurka a 1891, Erwin Smith kuma ya raɗa wa ƙwayar suna a 1901.

Ga alamunsa. A ganye za ka ga ɗigo kamar an ɗiga mai, ya fi fitowa a bayan ganyen. Ɗigon ba kewayayye ba ne, yana da kusurwa, don jijiyoyin ganye sun tare shi. Daga baya ya koma ƙasa-ƙasa ko baƙi. In ya sauka a kara ko reshe sai wurin ya yi baƙi, ya tsage, iska kaɗan ta karya shi. A ƙwallo kuma ɗigon kewayayye ne, yana nutsewa ciki, ya ɓata farin auduga, ran kasuwa a mayar maka da ita lamba ta biyu. Ruwa mai iska shi ne dokinsa. Ɗigon ruwa ya bugi ganye mai ciwo, ya fantsama bisa na kusa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a wannan takarda. Da masu bincike suka yi ta ɗiban ƙasa suna dubawa, sai suka tarar ƙwayar nan ba 'yar ƙasa ba ce. In ganye mai ciwo ya ruɓe cikin ƙasa mai laima, sauran ƙwayoyin ƙasa su kan fi ƙarfinta, ba ta daɗewa. Maɓoyarta biyu ce: jikin angurya, da busasshen kara da ganyen bara da aka bari a gona. A busasshe ta kan yi shekaru da ranta. Rani mai tsawo irin na Wa da Tumu, wanda ba ya barin kome ya ruɓe, shi ke yi mata reno har ruwa ya sauka. Ka ga ke nan wanda ya gudu daga gonarsa da irin bara a buhu, ciwon na nan a kafaɗarsa.

Mutanen Sudan sun sha wannan darasi da wuya. A gonakin Jazira, wajen 1930, baƙin reshe tare da wani ciwon nannaɗe ganye suka karya noman auduga ƙwarai. Abin da ya taimake su, tuge kara duka bayan tsinka, da share gona, da ƙonewa, da gyaran iri. Daga baya wani masani, Knight, ya yi shekaru a Shambat kusa da Hartum yana haɗa irin da ke jure ciwon. Mu ma muna da hannu a wannan labari. Irin Allen da aka kawo Nijeriya ta Arewa a 1912, wanda ma'aikatan Samaru ta Zariya suka yi ta tacewa, an same shi da juriya, daga jininsa kuma aka zaɓo irin Albar da ya yi suna a Yuganda.

Sai dai ƙwayar ita ma ba barci ta ke yi ba. A farkon shekarun 1980 aka ga wani sabon launinta a Burkina Faso da waɗansu ƙasashen Afirka, yana kama irin da a dā ba ya kamuwa. Burkina kuwa maƙwabciyarmu ce, daga Tumu taku kaɗan ne, iri yana ƙetare iyaka a bayan babur ba wanda ya tambaye shi takarda. Dalili ke nan da ya sa muka ce ka rubuta inda ka samo iri. In irin da kamfani ya ba ka a kan mai juriya ne ya kamu, masu bincike suna bukatar su sani tun da wuri.

Abin yi dai sananne ne. Ka shuka irin da aka gyara, wanda aka cire wa gashi aka sa wa magani. Da ka gama tsinka ka tuge kara da saiwarsa, ka tara ka ƙone a wuri ɗaya, ba ka sa wa gona duka wuta ba. Audugar da ta tsiro da kanta daga zubabben iri, cire ta. Kada ka shiga gona noma ko feshi ganye na jiƙe da ruwa ko raɓa. In ya yiwu, bana auduga, baɗi dawa ko gyaɗa. Maganin tsutsa da ka ke fesawa ba ya taɓa wannan ciwo ko kaɗan.

Wani gargaɗi ga masu kiwon ragon layya a Zongo: angurya mai magani ta shuka ce kaɗai. Kada a ba dabba, kada a kai wa masu mai. A Iraƙi, a 1971 zuwa 1972, ɗaruruwan mutane suka mutu don sun ci alkamar shuka da aka sa wa maganin zaiba. An hana wannan magani yanzu, amma na yau ma ba abinci ba ne.

IN CIWON NA CIKIN ƘASA NE FA?

Akwai shi. In auduga tana yanƙwanewa alhali ƙasa da laima, ganye na yin rawaya daga ƙasa zuwa sama, ka tsaga karan da wuƙa. In ka ga cikinsa ya yi duhu kamar an ja zare mai launin ƙasa, wannan ba bakteriya ba ce, wata irin funfuna ce mai suna Fusarium. Ita kam 'yar ƙasa ce, ta kan zauna shekaru da yawa ko ba auduga, ta kan bi fartanya da garma da ruwan gudu zuwa gonar maƙwabci. A nan ne binciken ƙasa da na saiwa ke da amfani ƙwarai, don shawarar da za a ba ka dabam ce da ta baƙin reshe.

MASU TAIMAKO

Ka tuge gyaɗa ko wake lokacin fure, ka dubi saiwar. Za ka ga 'yan ƙullutai manne da ita. Ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to, ma'aikata na ciki suna aiki. Bakteriya ce mai suna Rhizobium, tana kamo wani sinadari daga iska, irin wanda ka ke saya cikin buhun yuriya, tana ba shukar. Beijerinck na ƙasar Holan ya fara ware ta a 1888, ta hanyar farantin nan da muka faɗa. Auduga ba ta da waɗannan ƙullutai. In ka ga kumburi a saiwarta, wanda ba ya ɓantaruwa don saiwar ce kanta ta kumbura, wannan aikin wata ƙaramar tsutsa ce, ka nuna wa malamin gona, don ita ce ke buɗe wa Fusarium ƙofa. Amma audugar da ta bi bayan gyaɗa ko wake ta kan ci abin da suka bari, musamman in ba a kwashe harawa duka ba.

Yanzu har ana kiwon Rhizobium a ɗakin bincike, a ƙulla a 'yar jaka kamar baƙin gari, manomi ya cuɗa da irin waken suya kafin shuka. In ka saya ka dubi ranar ƙarewarsa, ka ajiye shi wuri mai sanyi, ka cuɗa a inuwa, ka shuka a ranar. Kowane iri da nasa, na waken suya ba lalle ne ya yi wa gyaɗa aiki ba, saboda haka ka gaya wa mai sayarwa abin da za ka shuka kafin ka miƙa kuɗi.